Sharhi: Ran Oba-oba Yana Cikin Batirinta

 

Duk wanda ya taɓa farkawa da ƙarfe biyun dare a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo ya san sautin da zan faɗa. Usur daga can bakin titi, haushin kare, sannan wata ƙaramar murya tana fitowa daga kwankwason mai sintiri: "Lamba biyu, kana ji na? Oba." Oba-oba ke nan, wayar da ba ta cin kati, ba ta jiran sabis. A da sai a hannun soja da ɗan sanda ake ganinta. Yau kuwa tana hannun 'yan sintirin unguwa, da masu gadin makarantu da gidajen mai, da 'yan agajin da ke tsara sahu a filin Idi da wuraren wa'azi, har da masu kula da shige da fice a ƙofar kasuwa.

Mun san darajarta sosai a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara, sannan aka katse a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jiharmu ta Sakkwato, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Mu da ke cikin gari muna da sabis, amma 'yan'uwanmu na can sai dai a aika saƙo da direban mota. A lokacin ne mutane da yawa suka gane cewa waya mai tsada, idan aka rufe mata layi, tocila ce kawai. Oba-oba kuwa da 'yar'uwarta take magana kai tsaye, babu wani kamfani a tsakani. Abu guda take nema a wurinka, batir mai rai. Kuma a nan ne muke yi mata sakaci.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. A unguwarmu magidanta sun yi karo-karo, aka sayi oba-oba guda shida aka danƙa wa 'yan sintiri. Kowa ya yi murna. Ba a rufa shekara ba, wata safiya shugabansu, dattijo ne da ya haura sittin, ya tare ni a ƙofar masallaci da ɓacin rai a fuska. Ya ce, "Malam, wagga waya ba ta da amana." Na ce, "Subhanallahi, Baba, me ya faru?" Ashe a daren wani yaronsa ya hangi mutum biyu suna haura katangar wani gida. Ya laɓe, ya ciro oba-oba, fuskarta tana nuna batir a cike. Dattijon ya ce, "Da yad danna, sai tam mutu." Yaron ya sake kunnawa, ya sake dannawa, ta sake mutuwa. Sai da ya ruga da ƙafa ya kira sauran, kafin su iso mutanen sun tsallake da babur ɗin mai gidan. Allah ya kiyaye, ba a taɓa lafiyar kowa ba.

Na karɓi na'urar na juya bayanta. An ɗaure batirin da robar tayar keke, domin ya daina zama a mazauninsa. Da na kwance robar na ɗora shi a kan benci, sai ya riƙa lilo kamar kwale-kwale, cikinsa ya kumbura. Na tambaye shi inda ake yi musu caji. Ya ce, "Ga ɗan caji nika kai su kullum da hantsi, a amso da magariba."

Ranar na bi shi muka je. Kes ne na kwano a bakin hanya, watan Afrilu, wajen ƙarfe biyun rana. Ka sa hannu a jikin kwanon sai ka janye. Janareta na ruri a baya, wayoyi sun fi hamsin a jere a kan katako, igiyoyi sun sarƙe. A kusurwa, daidai inda rana ke lekowa, ga oba-oba shida zaune a cajojinsu, huɗu a kunne suna shuu. Biyu daga cikin cajojin ma an sauya musu kan da ake sawa a soket da na wata na'urar daban, saboda nasu ya ƙone. Ban ga laifin yaron mai caji ba, nema yake yi, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa waɗannan suna da wani sharaɗi. Ya ce mini, "Alhaji, yadda suka kawo su haka nika sa su." Gaskiyarsa.

To me ya kashe wannan batir, kuma me ya sa ya nuna a cike alhali babu komai a cikinsa?

Amsar tambaya ta biyu ita ce mafi sauƙi. Idan oba-oba tana sauraro kawai, wutar da take sha kaɗan ce. Da zarar ka danna maɓallin magana, sai ta zuƙi wuta ninkin-ba-ninkin, domin ta tura muryarka kilomitoci. Batir mai lafiya yana ɗaukar wannan nauyi. Wanda ya gaji kuwa kamar tsohon jaki ne, a tsaye ka ga kamar lafiya lau, sai an ɗora mangala zai durƙushe. Saboda haka alamar batir da ke fuskar na'ura ba shaida ba ce. Gwajin gaskiya shi ne a danna a yi magana, wani ya amsa daga nesa.

Game da tambaya ta farko kuwa, mafi yawan oba-oba da ke kasuwanninmu, irin su Baofeng, batirin litiyam ke cikinsu, dangin wanda ke cikin wayar salula. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka yi aikin ƙirƙiro shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta fannin sinadarai. Batir ne mara nauyi mai ɗaukar wuta da yawa, amma yana da ƙa'ida. Kowace ƙwaya ɗaya ƙarfinta bolt 3.7 ne, idan ta cika ta kai 4.2, kuma ba ta son a wuce nan ko da kaɗan. Ƙaramar oba-oba mai tasha 16, wadda ba ta da fuska, wato BF-888S, ƙwaya ɗaya ke cikinta. Mai fuska da maɓallan lambobi, UV-5R, ƙwaya biyu aka haɗa, shi ya sa za ka ga an rubuta 7.4 a jikin batirin, cikarsa kuma 8.4. Kun ga tun daga nan cajar wannan ba ta dace da waccan ba, ko da bakin igiyar ya shiga.

Yadda caja ta ƙwarai ke aiki, duk wanda ya taɓa kallon ɗan ga-ruwa yana cika jarka a bakin famfo ya san shi. Da farko a buɗe ruwa sosai. Idan ya kusa wuya a rage, a rage, har ya zama ɗigo, sannan a rufe. Haka take yi. Tana tura wuta da ƙarfi, idan batir ya kai iyakarsa ta tsaya a nan tana lura da yadda shan wutar ke raguwa, idan ya ragu sosai ta yanke, jar fitila ta koma kore. Batirin da aka rubuta masa 1800 mAh, a kan cajar da ke ba da wajen 400, lissafi ya nuna awa huɗu da rabi zuwa biyar. Daga hantsi zuwa magariba ya kusa ninka wannan.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa idan aka zaunar da oba-oba a caja tana kunne. Jarka ce ake cikawa alhali an huda gindinta. Na'urar na shan wuta, caja na ganin har yanzu ana sha, sai ta kasa gane cewa batir ya cika, ta ci gaba da riƙe shi a ƙololuwa awa da awanni. Mafi muni shi ne mai gadin da zai zauna da ita a cikin caja yana danna magana. Wutar da magana ke ja ta fi abin da cajar ke iya bayarwa nesa ba kusa ba, caja ta yi zafi, batir ya yi zafi, na'ura ta yi zafi. Littafin da ke zuwa a kwalin ma ya ce a kashe ta kafin a sa caji, sai dai mu da kwalin da littafin tare muke jefarwa. Idan aikin gadi ba zai bari a kashe ba, maganin shi ne batir na biyu. Yawancin cajojin nan suna karɓar batir shi kaɗai ba tare da na'urar ba. Ɗaya na aiki, ɗaya na caji.

Sai zafi, wanda shi ne babban abin da ya bambanta mu da mutanen da suka ƙera waɗannan kaya. Masu yin batirin litiyam sun sa iyaka, kada a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45 a ma'aunin Salshiyos. Mu kuwa a Sakkwato, a watannin Afrilu da Mayu, iskar da ke cikin inuwa ma tana haura 40. Ƙara kwanon rufi a kai. Ƙara ɗumin da cajin kansa ke haifarwa. Kafin ka ankara an tsallake iyakar. Batir ba zai fashe a ranar ba, shi ya sa ba ma ɗaukar abin da muhimmanci. A hankali yake ci. Sinadaran ciki suna lalacewa, iska tana taruwa, ya fara kumbura, awoyin da yake yi suna raguwa. Abu biyu ne suka fi tsufar da shi, zama a cike maƙil da zama cikin zafi, kuma a wancan kes ɗin kwano mun haɗa masa su biyun kullum rana.

Ai mun san wannan a kan dabbobinmu. Babu mai hankalin da zai dawo da doki daga kilisa yana huci ya ɗura masa ruwa nan take. Oba-oba da ta kwana tana aiki, ko ta yini a aljihun gaban mota, a bar ta ta huce tukuna, ko da rabin awa ne. A nemi wuri mafi sanyi a gida, kuma kowace uwargida ta san shi, can gefen da randa take zama, ko cikin zaure mai ginin ƙasa. A ɗora caja a kan siminti busasshe, nesa da inda ruwa ke ɗiga. Lokacin da ya fi dacewa a bazara shi ne bayan asuba zuwa hantsi, kafin gari ya ɗauki zafi. Na san za a ce, ai ba mu ke zaɓar lokacin da za a kawo wuta ba. Haka ne, kuma zan zo kan wannan.

Akwai wasu al'adu biyu da muka gada tun shigowar wayar salula ƙasar nan a 2001. Ana cewa sabon batir sai an yi masa cajin awa takwas ko kwana guda, kuma wai a bar batir ya mutu murus kafin a mayar da shi caja. Waɗannan dokokin tsofaffin batiran nikel ne. Litiyam ba ya buƙatarsu, hasali ma shanye shi ƙarƙaf yana cutar da shi. Idan na'ura ta fara kukan batir ya yi ƙasa, a kashe ta. Kada a yi ta kunnawa ana tatsar ragowar.

Masu sauraro, akwai wasu mutane a duniya da suka daɗe da ƙwarewa a wannan fanni, kuma ina ganin ya kamata mu san da su. Su ne masu rediyon sha'awa. Mutane ne, likita da manomi da ɗalibi da ɗan fansho, da ke karɓar lasisi daga hukumar ƙasarsu, a ba kowa lambar kira tasa, su riƙa magana da juna ta iska daga gari zuwa gari, daga nahiya zuwa nahiya, ba don kuɗi ba. An kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris a 1925, kuma kowace ranar 18 ga Afrilu suke bikin ranarsu. Lambar kiran ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta maƙwabtanmu na Nijar da 5U. Marigayi Sarki Hussaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1. Idan bala'i ya auku layukan waya suka zube, kamar girgizar ƙasar Nepal a 2015 da ta Turkiyya a 2023, sukan fito da na'urorinsu su taimaka wajen isar da saƙo. Don haka a wurinsu batir amana ne. Za ka ga mutum ya manna takarda a jikin kowane batir ya rubuta ranar da ya saya, yana gwada shi lokaci-lokaci, kuma ba ya fita da guda ɗaya tal.

Akwai wata na'ura da ta yi suna a cikinsu, FT-817 ta kamfanin Yaesu na Japan, wadda ta fito a farkon shekarun 2000. Ana rataya ta a kafaɗa, ƙarfinta wat 5 kacal, amma da eriya mai kyau tana tsallaka teku. Labarin cajinta yana da darasi a gare mu. Tana aiki da batirin nikel da ake yi wa caji a cikin cikinta, kuma tana da wani faranti da ke ɗaukar ƙananan batira guda 8, irin na rimot da agogon bango. Cajar da ke cikinta ba ta duba ko batir ya cika. Agogo kawai take bi, ka zaɓi awa 6 ko 8 ko 10, ta yi ta turawa har lokacin ya ƙare. Idan ka sa mata batirin da ke cike ka danna caji, za ta sake ba shi waɗannan awoyi cif, rarar ta zama zafi a cikin rufaffen akwati, kusa da kayan lantarki masu tsada. Sannan masu ƙera ta sun sa wata koriyar waya a jikin farantin, aikinta ta hana caji shiga idan farantin ne a ciki, domin kada wani ya zuba batiran da ba a yi musu caji ya jona wuta. Wasu masu na'urar sukan yanke wannan waya don su riƙa cajin batiran nikel a cikin farantin. Masu hankali a cikinsu suna gargaɗi cewa wanda ya yanke ta ya ɗauki alhaki a wuyansa, domin ranar da ya manta ya zuba batir na gama-gari ya jona, ruwan batir zai zube a cikin na'urar, ko ya fashe. Da yawansu ma sun gwammace su ciro batiran su yi musu caji a waje, a cajar da ke duba kowace ƙwaya ita kaɗai. Dalili kuwa, batira takwas a jere kamar ayarin raƙuma ne, idan ɗaya ya gurgunce duka ayarin ya tsaya, kuma caja ta cikin na'ura ba ta iya nuna maka wane ne gurgun.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Akwai rediyoyi da tociloli da wasu oba-oba a gidajenmu masu cin ƙananan batira, kuma suna da ramin jona wuta. Batiran da muke saye a shago irin su Tiger Head ba a yi su don caji ba. Wanda ake yi wa caji an rubuta a jikinsa, kuma za ka ga 1.2 maimakon 1.5. Kowa ya taɓa buɗe bayan tsohuwar rediyo ya tarar da farin gari da tsatsa sun cinye ƙarafan. Ruwan batir ne ya yi wannan ɓarna. Kada a gauraya sabo da tsoho, kada a gauraya mai caji da mara caji.

Mu koma kan wuta. Tun da lantarki ba ya zama, kowa ya koma janareta da sola da batirin mota, kuma a nan ake ƙona cajoji. Ƙaramin janareta idan mai ya kusa ƙarewa, ko aka kunna masa abu mai nauyi, wutarsa hawa da sauka take yi. A tayar da shi ya daidaita kafin a jona caja, a cire caja kafin a kashe shi. Haka idan aka kawo wuta, a ɗan jinkirta a ga kwan fitila ya tsaya daidai. Na kuma ga masu yanke igiyar caja su ɗaura ta kai tsaye a kan faifan sola, suna cewa ai bolt 12 ne. Faifan da ake kira na 12, a tsakar ranar Sakkwato yana iya ba da 18 zuwa sama idan babu abin da ke daidaita shi. Batirin mota kuma idan inji na aiki yana kaiwa wajen 14, alhali mazaunin cajar UV-5R bolt 10 aka tsara masa. Dole a sa na'urar daidaita wuta a tsakani, ko a sayi igiyar mota da aka yi domin wannan samfurin. Kafin a sauya kan caja da ya ƙone, a karanta lambobin da ke bayan tsohon, a nemo mai irinsu daidai. Mai gyaran rediyo na kirki zai duba maka da mita cikin minti biyu.

Wajen sayen sabon batir ma a buɗe ido. Za ka ga ɗan ƙaramin batir an rubuta masa lamba mai ban tsoro, mAh dubu takwas ko dubu goma, farashinsa kuma ƙasa da na asali. Ɗauke shi a tafin hannu, ka ɗauki na asali a ɗaya hannun. Ƙwayoyin da ke ɗaukar wuta suna da nauyi, wanda ya yi sakayau babu abin da ke cikinsa sai rubutu. Irin waɗannan ne kuma ake tsoron ba su da ingantaccen ɗan allon kariya da ke yanke wuta idan an wuce iyaka. Araha ba ta ado, balle a kayan da rai ya rataya a kansu.

Wasu sun tambaye ni game da abin da ya faru a Lebanon a watan Satumba na 2024, inda oba-oba suka yi ta tashi a hannun mutane. Wancan abin fashewa ne aka dasa a cikin na'urorin da gangan, ba caji ya jawo ba, kada ya sa kowa ya jefar da tasa. Amma batirin litiyam yana iya kamawa da wuta da kansa idan ya lalace, kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke samu ba, domin a 2016 sai da Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda haka. Mu da muka ga abin da gobara ta yi wa Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wuta. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ko kan tabarmar roba. Kada a jona a kulle ɗaki a tafi, kada a yi barci a bar shi kusa da gidan sauron yara. Idan aka ji wani wari mai ɗaci, ko aka ga hayaƙi, a fara kashe soket, a fitar da mutane, domin hayaƙin guba ne. Idan da hali a kwashe shi da shebur zuwa tsakar gida a kan yashi. Idan abin ya fi ƙarfi a kira 'yan kwana-kwana ba tare da jinkiri ba.

Batirin da ya kumbura kuwa ya gama aiki. Ba a huda shi don a fitar da iska, ba a danne shi da dutse, ba a ɗaure shi da roba. Kuma don Allah kada a jefa shi a bola. Bolarmu ƙona ta ake yi, kuma yaranmu masu tsintar gwangwani su ne ke tona ta da hannu. A liƙe bakin ƙarafansa da salatif, a ajiye shi a gwangwani mai yashi nesa da ɗaki, a kai wa masu gyara da suka san yadda ake yi da shi.

'Yan agaji da sauran waɗanda ba kullum suke amfani da oba-oba ba, sai Sallah ko wani babban taro, naku ya fi sauƙi. Bayan an tashi, kada a cika batir maƙil a jefa a akwati, kada kuma a ajiye shi a mace. A bar shi wajen rabi, a zare shi daga jikin na'ura, a duba shi bayan wata biyu ko uku. Lokacin hunturu kuma ƙura na toshe ƙarafan da ke haɗa batir da caja, sai ka ga fitila tana ƙyaftawa caji bai shiga. Busasshen ƙyalle ya wadatar. Sannan a tuna iska tana da doka, waɗannan na'urori suna iya faɗawa tashoshin jami'an tsaro, don haka kowace ƙungiya ta nemi izinin hukuma, ta kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankinta tashar da take amfani da ita.

Kirana na farko ga masu bayarwa ne. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Maris na 2024 ƙarƙashin Gwamna Ahmed Aliyu, kuma shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa da attajirai suna raba wa 'yan sintiri babura da tociloli da oba-oba. Allah ya saka da alheri. Amma duk wanda zai ba da oba-oba goma, ya haɗa da batir ashirin, da ƙaramin sola mai na'urar daidaita wuta, domin a daina kai su kes ɗin kwano da tsakar rana, a kuma daina jiran ranar da za a kawo wuta. Ya ware kuɗin sauya batira tun daga ranar farko, domin batir kayan ƙarewa ne kamar tayar babur. Muna da Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta shafe shekaru tana aiki a kan hasken rana, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi mai ɗaliban lantarki. Horon yini ɗaya daga gare su ga shugabannin 'yan sintiri da masu sana'ar caji zai ceci kaya masu yawa.

A unguwarmu, bayan wancan dare, mun sake karo-karo. Aka sayi batira, aka rubuta lamba da kwanan wata a jikin kowanne, aka ɗora wa mutum ɗaya alhakin caji a zauren mai unguwa, da safe, na'urori a kashe. Kowace magariba kafin a watsu, sai kowa ya danna ya yi magana an amsa masa daga ƙarshen layi. Dattijon nan yanzu shi ke tsayawa a kan wannan gwaji da kansa.

Kai kuma ɗan'uwana mai sintiri da ke saurarona yanzu, kafin ka fita yau da dare, zare batirin oba-obarka ka ɗora shi a kan benci. Idan ya zauna daram, mayar da shi, ka kira abokin aikinka ka ji ya amsa. Idan ya yi lilo, kai wa shugabanku, kada ka fita da shi.

Allah ya tsare ku, ya tsare mu baki ɗaya.